Le, La, da Kunyar Ɗiyar Fari

Kwatano, 4 ga Fabrairu

Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Almustapha da yara. In kin leƙa Gozaki ki gaida mani Inna da Baba, ki ce masu ina nan da raina. Ciwon baya dai bai sake ni ba. Shekara goma sha bakwai ina duƙe kan buhunan mutane da basilla ina ɗinki, dole ya nemi hakkinshi. Ban da shi lafiya lau.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, ni da ko gaisuwar Sallah sai an yi sa'a. Gara in gaya maki gaskiya, ba zumunci ya motsa ni ba, buƙata ce. Awaisu direba, mai kawo mana masara da barkono daga Funtua, shi ya ce mani har yanzu kina koyar da Faransanci a makarantar 'yan mata. Ga ki taubashiyata, in kin yi mani dariya ba sabon abu ba ne.

Wata biyar ke nan da rasuwar Hafsatu, daga ni sai yarinyar a ɗaki. Shekararta tara. Kin san uwarta mutuniyar Jugu ce, can arewacin ƙasar nan, da yarensu Dandanci da Faransanci ta raine ta. Hausar yarinyar ba ta wuce "sannu" da "to" ba. Ni kuma Faransancina na kasuwa ne: kawo, ɗauka, jira, gobe. Da shi na ci abinci duk shekarun nan, bai taɓa ba ni kunya ba sai yanzu.

Ran Talata ta dawo da aikin gida. An jera kalmomi ashirin, gaban kowace an bar fili, wai a sa le, ko la, ko les, ko wani l mai ɗan ƙugiya a ka. Da, uwarta ke zama da ita. Sai ta zo ta ajiye littafin kan tabarma kusa da ƙafata. Na duba sama, na duba ƙasa, na cike mata duka da le, don shi na fi ji a bakin mutane. Washegari ta dawo, jan biro ya yi wa shafin kaca-kaca. Ba ta yi kuka ba. Ta dai daina ajiye littafin kusa da ni.

Ga abin da ya sa na damu. Yayar marigayiya, Raudatu, tana garin Paraku, can arewa da mu, kuma tana son ɗaukar yarinyar. Ba zan ɓata ta ba, mace ce ta kirki, ita ta yi jinyar 'yar'uwarta har ƙarshe. Danginsu sun ce a bari ta ƙare ajinta, bayan Babbar Sallah a zauna a tambaye ta inda take so. A tambayi yarinya, kin ji! Haka suke yi a nan. Hansai, in aka tafi da ita ban san me na zauna yi a garin nan ba.

Ki koya mani abin nan, a rubuce. Kunnena ba ya riƙe karatu ta waya, sai na gani da ido na maimaita. Awaisu na zuwa duk bayan sati biyu ko uku.

Ni ne,
Sama'ila

Funtua, 19 ga Fabrairu

Sama'ila, ƙaton taubashina,

Wa alaikumus salam. Ashe kana da hannun rubutu? Da Awaisu ya miƙo takardar na ɗauka sammaci ne. Mu duka lafiya. Na je Gozaki ran Asabar. Gwiwar Inna ta ɗan lafa, Baba kuwa yana fadama wajen tumatirinshi, ba mai iya zaunar da shi. Allah Ya jiƙan Hafsatu, Ya sa ta huta. Ka sa tsumma da ruwan zafi a bayan nan, ka daina taurin kai.

To, ɗalibi, gyara zama. Abin da kake wa kallon baƙo kullum kana yin shi da bakinka. In ka ce "buhu", kowane buhu ne. In ka ce "buhun", wanda ni da kai muka sani ne. Haka "basilla" da "basillar". Wannan ɗan abin da mu muke liƙawa a wutsiyar kalma, su a gaba suke sa shi. Le na namiji ne, la ta mace ce, les na jam'i ne, ba ruwanshi da mace ko namiji. In kalma ta fara da wasali, sai le ko la su haɗiye nasu wasalin, shi ne mai ƙugiyar da ka gani: l'eau, ruwa, l'école, makaranta.

Ga inda za ka faɗi. Abin da muke kira mace, su sai su ce namiji ne. Rana a wurinsu namiji ce, le soleil. Wata kuma mace, la lune. Gida ma mace ne, la maison. Kada ka tambaye ni dalili, ni ma na tambaya a jami'a aka ce in haddace in yi shiru. Maganin ɗaya ne: kada ka koyi kalma tsirara. Buhu ba "sac" ba ne, le sac ne. Tabarma ba "natte" ba ce, la natte ce. Ka samu kwali ka yayyanka, ka rubuta sunan kowane abu na ɗakinku tare da le ko la ɗinshi, ka liƙa a jikin abin. 'Yan ajina haka nake sa su, kuma duk sun fi ka ƙuruciya, ba su fi ka kai ba. Wataƙila.

Na lura ka cika shafi biyu ba ka rubuta sunan Bushra ko sau ɗaya ba. Su Malam Sama'ila, har Kwatano aka tafi da kunyar ɗiyar fari! Da na karanta wa Inna ta yi dariya har da tari.

In abin ya yi maka nauyi ka turo ta gida. Inna ta ce ɗakinta a buɗe yake. Namiji shi kaɗai da ɗiya mace a baƙon wuri, da wuya.

Taka,
Hansai

Kwatano, 28 ga Maris

Hansai,

Sallama da gaisuwa. Ya azumi? Mu nan zafi da gumi, amma ana sha. Bayan ya yi sauƙi, na gode da tsumma. Ki gaida mutan gida.

Zan fara da abin da ya kamata in yaba. Dabarar kwalinki ta yi. Na liƙe ɗakin nan kamar kantin magani: la porte, la natte, le seau, la marmite, har butar alwala ba ta tsira ba. Ranar da yarinyar ta dawo ta gani, ta tsaya bakin ƙofa tana bin su da ido. Can ta je ta ciro na bokiti, ta kawo mani, ta nuna inda na rubuta la seau maimakon le seau. Da Faransanci ta ce, "Papa, wannan namiji ne." Na ce wa ya leƙa ya gani? Hansai, ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun uwarta na da rai.

Tun ranar ta zama malamata. Bayan la'asar in na dawo, sai ta ɗauko rula ta tsaya, ta nuna abu, in faɗa. In na yi kuskure ta buga rular a bango ta ce ajin 'yan shekara shida za ta kai ni, in zauna gaba don ni ne dogo. Aikin gidanta na makon jiya tare muka yi, guda biyu kawai muka faɗi, kuma ɗaya laifinta ne, ta yarda.

Tambaya biyu. Na ɗaya, ta ce in zan ce ina son shinkafa sai in ce j'aime le riz. To wace shinkafar? Ai ban nuna kowace ba. Na biyu, na ce zan je kasuwa, à le marché, ta ce a'a, au marché. Ina le ɗin ya shiga?

Wasan nata har ya soma wuce wuri. Shekaranjiya ta yanki kwali ta rubuta sunanta, ta maƙala a gaban rigarta da fil, ta tsaya gabana da rula ta ce, "Karanta." Na ce ke, wuce ki nuna wani abu. Ta ce, "Karanta, Papa, ai kalma ɗaya ce." Na ce ta je ta duba ko kunu ya huce. Ta tafi da kwalin a ƙirji, har muka sha ruwa ba ta cire ba. Rigimar yara dai.

Yanzu ga maganarki ta ƙarshe. Na karanta ta ya fi sau goma. "Namiji shi kaɗai da ɗiya mace, da wuya." Wato ke ma kin bi layin su Raudatu. Su suna ja ta Paraku, ku kuna ja ta Gozaki, ni a tsakiya kowa ya yarda ban isa ba. Darasi na roƙe ki, ban roƙe ki mai riƙo ba. Lokacin da gonar Baba ta kasa ɗaukar mu mu huɗu na ɗauki jakata na fita, ba wanda ya ce ɗakinshi a buɗe yake. Yanzu da na samu abu guda nawa, ɗakuna sun buɗe. Kuma har da karanta wa Inna takardata a yi dariya.

Na san ba ki da mugunta. Amma ba na son jin muryar kowa daga gida kafin zaman nan. Lambar da Awaisu ya ba ki na cire layin. An sa rana, kwana uku bayan Babbar Sallah. In za ki amsa tambayoyina biyu, ki amsa. In ba za ki ba, na gode da abin da kika yi.

Sama'ila

Funtua, 6 ga Mayu

Sama'ila,

Gaisuwa, da fatan kun yi ƙaramar Sallah lafiya. Takardarka sai jiya ta iso, ta yi sati biyar a hanya. Ruwa ya sauka sau biyu a Gozaki, su Baba sun fara shuka. Kowa lafiya.

Tambayoyinka: su in suna maganar abu gaba ɗayanshi, shinkafa duk ta duniya, nan ma le suke sawa. À da le kuma in sun haɗu sai su narke su zama au. Shi ke nan, ajiye wannan, ba shi ne gabanka ba.

Na kira lambar nan har na gaji. Maganar turo ta gida, ba cewa na yi ba ka isa ba. Tausayinka na ji, na faɗa da baki irin na taubasai. Na yi kuskure da na karanta wa Inna, ka yafe mani.

Amma ka saurare ni, yau ba wasa nake ba. Abin da kake kira rigimar yara, ni da na karanta shi sai da na ajiye takardar. Yarinya ta rataya sunanta a ƙirji ta ce ka karanta, ka aike ta duba kunu!

Kai ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunanka ba, Inna ba ta taɓa ɗaukar ka gaban mutane ba. Amma kai a bayan Tsohuwa kakarmu ka girma, Allah Ya jiƙanta. Ita ke maka kirari, ita ke ɓoye maka ƙosai a gefen zane. Duk garin ya san abin da shirun Baba ke nufi, kai ma ka sani, don kana ganin ana yi wa wasu. Kunyar nan da kakanni take tafiya, da goggonni, da gari guda mai fassara ta. Kai ka ɗauke ta ita kaɗai ka kai ƙasar da ba wanda ya san ta. Wa ye Tsohuwar Bushra a ɗakin nan? Wa ya taɓa gaya mata cewa uban da ba ya kiran sunanta, girmama ta yake? Da uwarta na cike gurbin. Yanzu ba kowa.

Don Allah, don Annabi, kafin ranar zaman nan ka kira ta da sunanta. Ba wanda zai ji a Gozaki. In ma sun ji, ni zan tare maka.

Hansai

Kwatano, 29 ga Yuni

Hansai,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ko da ta wuce. Lafiyar jiki akwai. Ki gaida kowa.

Takardarki ta shida ga Mayu yau da hantsi Awaisu ya ba ni. Injin motarshi ya buga, ya zauna ya yi nomanshi kafin a gyara, takardar na cikin aljihun mota. Ya yi ta ba ni haƙuri. Na ce ba laifinshi ba ne. Ba shi ya cire layi ba.

An yi zaman kwana tara da suka wuce, a gidan kawun marigayiya. Na sa rigar Sallah. Na tafi da littafin yarinyar a hannu, don in nuna masu shafukan da muka yi tare, ba jan biro sai ɗaiɗai. Har na shirya jimloli na haddace, kowace kalma da le da la ɗinta. Kawun ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce na yi ƙoƙari. Na ɗauka na gama.

Sai Raudatu ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ta taɓa jin na bugi yarinyar ba, ba ta taɓa kwana da yunwa ba, wannan ta shaida. Ta ce, "Amma shekara tara ina shiga gidanka, ban taɓa jin ka kira ta ba. 'Yar'uwata ta ce al'adarku ce, na yi shiru don tana nan. Yanzu ba ta nan. Ga ta zaune. Kira ta."

Hansai, surukaina ne fa jere, maza da mata, duk sun zuba mani ido. Yarinyar na gefen tabarma ta ɗago kai. Sunan na bakina, ni na zaɓe shi, ni na raɗa mata a kunne ranar da aka haife ta, sau ɗayan da na taɓa faɗi ke nan. Na buɗe baki, sai na ji kamar an ce in tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Abin da ya fito shi ne, "A garinmu ba a yi."

Kawun ya ce, a hankali, "Ba a garinku take ba, Sama'ila."

Sai ya juya ya tambayi yarinyar inda take so. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Wurin Tanti," wato Raudatu.

Washegari suka tafi. Na kai masu jaka tasha. Yarinyar ta ce mani sai an jima, na ce to, Allah Ya kiyaye.

Na so in ji haushin Raudatu, na neme shi ban samu ba. Abin da ta gani ta faɗa. Na so in ji naki, shi ma babu, ke kin gaya mani tun ruwan farko, ni na toshe hanyar da maganar za ta bi. Wata huɗu ina koyon yadda ake kiran bokiti da tabarma daidai, ina ganin shi ne abin da ya rage tsakanina da ita.

Na mayar da layin. Amma kada ki kira tukuna.

Sama'ila

Funtua, 14 ga Yuli

Sama'ila,

Gaisuwa. Ba zan ce maka komai ba sai Allah Ya ba ka haƙuri. Muna lafiya, masara ta kai gwiwa.

Na je Gozaki na faɗa masu. Inna ta yi kuka. Baba yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba. Da zan tafi ya biyo ni har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Yaron nan, yana cin abinci kuwa?" Shekararka arba'in da takwas, har yau yaron nan ne.

Paraku ba lahira ba ce, mota na zuwa. Ka nemi izinin Raudatu ka je.

Hansai

Kwatano, 5 ga Agusta

Hansai,

Sallama. Ina lafiya, ki ce wa Baba ina ci. Ki gaida Inna, da Malam, da yara.

Na je jiya Lahadi. Raudatu ta yarda in riƙa zuwa Lahadin farko na kowane wata, ta kuma ce a fili maganar komawa Kwatano babu ita, an riga an sa yarinyar a makaranta a can. Ban yi gardama ba. Yarinyar ta yi ƙiba, an yi mata kitso mai kyau, irin wanda ni ban san inda ake yi ba.

Da na isa tana tsakar gida da 'ya'yan Raudatu suna tsallen igiya, ta ba ni baya. Na tsaya bakin ƙofa. Awa bakwai a mota ina juya sunan a baki. Na ce, "Bushra."

Ta juyo. Ta dubi ƙofar ɗaki, ta dubi katanga, idonta ya bi ta kaina ya wuce, tana neman wanda ya kira ta. Ba ta san sunan da muryata ba.

Na sake faɗa. Wannan karon ta ga bakina. Ta saki igiyar ta tako, ba gudu ba, ta tsaya kamar taku uku daga inda nake, hannuwa a baya, yadda take tsayawa in zan aike ta. Ta ce, "Na'am, Papa? Me kake so?"

Hansai, sunan kawai na shirya. Ban taɓa tunanin abin da zai biyo bayanshi ba. Na tsaya da ledar lemu a hannu, na ce, "Ba komai."

Ta jira kaɗan ko zan ƙara. Da ta ga ban ƙara ba, ta karɓi ledar da hannu biyu, ta durƙusa ta gode, ta koma wurin 'yan'uwanta. Su suka riƙe mata igiya.

Ni ne ɗan'uwanki,
Sama'ila